Kujerar Gaba a Hanyar Riruwai

Assalamu alaikum masu bibiyata. Yau kam da zafin rai nake rubutu, kuma tun yanzu ina ja muku kunne: duk wadda ta shigo ƙasan rubutun nan ta ce mini "ki yi haƙuri, ai ƙanwarki ce," wallahi sai mun ɓata da ita.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Rufaida, 'yar Bebeji. Ni irin mutanen nan ce da idan biki na ranar Asabar, tun farkon mako na goge kayana na rataye, na jera sarƙa da ɗan kunne a kan madubi. Ba na son abin da zai zo mini ba shiri. Sai Allah ya haɗa ni da Ghali, mutumin da ko shi kansa bai san inda zai ci abincin rana ba sai yunwa ta kama shi. Ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Agadas da Kano, yana ɗauko dabino da kanwa, kafin ya dawo gida ya sayi wata jar Golf yana haya da ita. Ina son sa, son da har haushin kaina nake ji.

Matsalar ita ce Ghali ya daɗe yana zuwa zance amma bai turo magabatansa ba. Baba ya gaji, ya aiko ƙanwarsa, Gwaggo Maijidda, da saƙo: kafin a gama girbin shinkafa ko dai ya turo, ko ya daina zama a dakalin gidanmu. Da na faɗa wa Ghali, ya ce shi maraya ne, kakarsa Inna Juwairiyya ce ta raine shi a Riruwai, kuma ba zai tura kowa ba sai ta gan ni da idonta ta sa albarka. Ana cikin haka Yaya Saude, wadda ke aure a Riruwai, ta haihu. Nan take aka tsara: Ghali zai kai mu suna, da ni da Yaya Balarabe da Hamdiyya, daga can in je in gaishe da Inna.

Hamdiyya 'yar ƙanin Baba ce, ɗaki ɗaya muka tashi. Ita kuma ko wuta ake yi a gida, dariya za ta fara yi kafin ta nemi ruwa.

Ana gobe tafiya, da yamma, Gwaggo ta kira ni tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti.

"Ki buɗe kunnenki da kyau. Ban da cin abinci a gabansa. Ban da wangale baki kina dariya. Ban da zama kusa da shi a mota. In kin je gaban tsohuwar nan, daga bakin ƙofa za ki durƙusa, ki ja mayafi ki rufe fuska. Tsofaffi kunya suke dubawa, ba hoda ba."

"To, Gwaggo."

"Ita waccan mai kan rawar," ta nuna Hamdiyya da baki, "mijin yayarta ne, abokin wasanta ne, ba wanda zai ga laifinta. Ke ce ido yake kanki."

Ina komawa ɗaki na tarar da saƙon Ghali a waya.

"Gimbiya, gobe ki sako silifa, ki bar takalmi mai tsini a gida."

"Don me? Suna za mu ba gona ba."

"Hanya ce. Ba a san inda za ta kai mu ba."

"Ni na sani. Riruwai za ta kai mu."

Ya turo 'yar fuskar nan mai dariya har da hawaye. Ni kuwa na ɗauko takalmina mai tsini, ruwan gwal, na ƙara goge shi.

Da safe na fito cikin leshi ruwan zuma, ɗinkin doguwar riga mai duwatsu a wuya, mayafi mai sharashara kalar madara, lalle ja da baƙi har gwiwar hannu, humra kuwa har ta yi yawa. Hamdiyya ta zura wata atamfa da ta sha wanki, ta yafa gyale a kafaɗa, ta sa silifar da take zuwa ɗiban ruwa da ita. Har tausayinta na ji, jama'a. Ni Rufaida, na ji tausayin Hamdiyya!

Yaya Balarabe ya zauna gaba, mu biyu a baya. Ba mu yi nisa ba Ghali ya karya kan mota ya sauka daga kwalta.

"Ina kuma za mu?" in ji Yaya.

"Yako. Na tuna wata mata mai gasa masara a bakin kasuwa. In ba ku ci tata ba, ba ku taɓa cin masara ba."

Na duba agogon waya. Ya sayo masara mai zafi, ya miƙo mini ta farko, wadda ta fi kowacce laushi. Ƙamshinta ya bugi hancina, cikina ya yi ƙara, don ko shayi ban sha ba saboda kada janbakina ya goge. Na girgiza kai.

"Na ƙoshi."

"Kawo nan, Yaya Ghali, ni ba na fulako da abinci," in ji Hamdiyya. Ta cinye tata ta cinye tawa, har da lashe yatsa. Ya kalle ta ta madubi yana dariya, ya ce duk wanda ya aure ta sai ya ƙara gona. Ta ce ai shi za ta kai wa ƙara in mijin ya gaza. Wasa ne irin wanda kowa ya sani, na ma yi ɗan murmushi a cikin mayafi.

A Tudun Wada komai ya lalace. Aka kira Yaya Balarabe a waya, wai masu sayen shinkafarsa sun iso daga Kano suna jiran sa a kasuwa. Ya sauka yana cewa mu yi gaba, zai biyo mu a motar haya. Kujerar gaba ta zama ba kowa. Ghali ya juyo gaba ɗaya, ya dube ni da idanun nan nasa masu kamar yana jin barci.

"Dawo gaba mana. Na zama direbanki ne?"

Wallahi zuciyata ta riga ni tashi. Amma muryar Gwaggo na cikin kunnena, ga mutane cike da bakin tasha, wa ya san wanda zai gan ni ya kai labari Bebeji?

"Nan ma ya yi," na ce a hankali.

"To ni jiri nake ji a baya," in ji Hamdiyya. Kafin in ƙifta ido ta buɗe ƙofa ta zagaya ta faɗa kujerar, har da gyara ta ta kwanta baya kaɗan. Hamdiyyar da muka sha zuwa Kano a bayan motar kaya ba ta taɓa cewa jiri ba, yau ita ce mai jiri a Golf.

Muka shiga dajin Falgore. Damina ta ja baya amma ko'ina kore shar, bishiyoyi sun yi rumfa, birai na tsallaka titi da 'ya'yansu maƙale a ciki. Hamdiyya ta sauke gilas, iska na wasa da gyalenta, tana ihu tana nuna masa kowane biri kamar danginta ta gani. Ni iskar ƙoƙarin ɓata mini ɗaurin kallabi take yi, sai dafe shi nake da hannu.

"Yaya Ghali, a Sahara ma akwai birai?"

"Ina fa! Can sai yashi da sama. Amma bari in ba ki labari."

Ya rage gudu ya fara. Wai wata rana bayan sun bar Agadas, su motoci da yawa a jere, ya hango tsuntsaye suna ta sauka bayan wani tudun yashi. Haka kawai ransa ya ba shi ya je ya gani. Yaron motarsa har da kuka, yana cewa za su ɓata. Ya bar ayari ya karkata. Bayan tudun ya tarar da rijiya da wasu Buzaye sun kafa tanti. Suka shimfiɗa masa tabarma, suka dafa masa shayi, wani tsoho ya kalli sama ya ce kada ya kuskura ya tashi sai gobe. Da yamma guguwar yashi ta taso. Waɗanda suka bi hanya sak kwana suka yi suna haƙo motocinsu, shi kuwa yana cikin tanti yana cin dabino.

"Tun daga ranar," ya ce, "in raina ya ce tsaya, tsayawa nake yi. Abubuwan da suka fi yi mini daɗi a duniya, babu wanda na shirya."

Hamdiyya ta tallafe haɓa tana kallon bakinsa. Duk daɗewar da ya yi yana zama a dakalinmu, bai taɓa ba ni labarin nan ba. Ni in ya zo, zancen ɗaya ne: yaushe za ka turo, wane gida za mu kama, kujeru kalar me. Ga shi yau a gabana ya buɗe cikinsa ya zuba wa ƙanwata, ni ina baya ina kallon ƙeyarsu. Kishi na ji, ba zan ɓoye muku ba, irin wanda ke sa yawu ya yi ɗaci.

Na ciro waya na rubuta masa: "Ka manta akwai mutum a baya?" Saƙon ya tsaya yana juyi, babu sabis ko ɗigo.

Muka wuce Doguwa, duwatsu suka fara tasowa dama da hagu. Ina lissafin in mun isa gidan Yaya Saude zan wanke fuska, in sake hoda, in canza mayafi kafin a kai ni wurin Inna. Sai kawai na ji mota ta sake sauka daga titi, ta shiga wata 'yar hanyar shanu mai jar ƙasa.

"Malam," na ce, don ba na kiran sunansa a gaban mutane, "za fa a yi suna ba mu."

"An riga an raɗa suna tun da safe. Tuwo kuwa ba ya ƙarewa a gidan suna."

Muka yi ta gwaram-gwaram cikin ciyawa har muka ɓulla wani wuri da, gaskiya, ban taɓa ganin irinsa ba. Wani ƙaton dutse ne baƙi, ruwa na gangarowa ta jikinsa yana taruwa a ƙasa, garau har ana ganin tsakuwa. Gefe guda rugar Fulani ce, shanu na kwance a inuwa. Kafin ya kashe mota Hamdiyya ta yi waje, ta watsar da silifa, ta tattare zani zuwa ƙwauri ta shiga ruwa.

Ghali ya je rugar, na ji yana gaisawa da su da Fulatanci, "Jam na? Jam!" ana ta dariya. Ya dawo da ƙwarya cike da kindirmo, ya zagayo ta gefena, ya buɗe ƙofa ya tsuguna. Ya yi ƙasa da murya.

"Rufaida, sauko. Don ke na biyo ta nan. Nan nake zuwa wanka ina yaro, in Inna ta kore ni da tsumagiya. Na daɗe ina son ki ga wurin nan."

Jama'a, ku gaya mini, wace mace ce za a faɗa wa haka zuciyarta ba ta narke ba? Na kalli ruwan, na kalli fuskarsa. Sannan na kalli leshina, na kalli taɓon da ke bakin ƙofa, na tuna yau tsohuwa za ta duba ni daga sama har ƙasa. Idan na je mata da laka a gindin riga fa? Idan ta ce wannan ba ta da kamun kai fa?

"Wani lokacin," na ce. "Yau ban shirya ba."

Na ga wani abu ya sauka daga fuskarsa.

"To ko nonon ki sha."

"Na ƙoshi."

"Yaya Ghali! Zo ka ga kifi, wallahi har da jajaye!" Muryar Hamdiyya ta doki dutsen ta dawo. Ya miƙe, ya ɗora ƙwaryar a kan mota, ya naɗe ƙafar wando ya tafi.

Ina zaune a mota kamar kayan da aka ba shi saƙo, ina kallon su ta gilas. Ta watsa masa ruwa, ya rama. Ta zame a kan dutse, ya miƙa mata sandar wani makiyayi ta kama. Ya nuna mata wani kogo can sama, yana ta bayani da hannu, ita kuma tana dariya har tana riƙe ciki. Wata Bafulatana mai jerin 'yan kunne ta leƙo ta taga ta ce, "Sannu, ba ki da lahiya ne?" Na ce lafiyata ƙalau. Ta dube ni da tausayi ta wuce, kuma tausayin nan nata ya fi komai ƙona mini rai.

Daga ƙarshe na kasa daurewa. Na cire takalmin, na ce ko me zai faru ya faru. Na buɗe ƙofa, na sauke ƙafa ɗaya, sanyin ƙasa ya ratsa tafina. Daidai lokacin na gan su sun juyo suna tahowa, an gama. Na mayar da ƙafata ciki na ja ƙofa.

Da Ghali ya koma gefe yin sallar azahar, na damƙo hannun Hamdiyya ta taga.

"Ki dawo baya."

"Haba Yaya, wasa ne fa. Mijin yayata ne."

"Wasan ya isa haka."

Ta zare hannunta. Karo na farko a rayuwarta ta dube ni ba dariya a fuskarta.

"Ni ban ƙwace miki komai ba. Duk abin da na karɓa yau, ke aka fara miƙa wa."

Ta koma kujerar gaba ta zauna. Har yanzu haushin maganar nan bai sake ni ba.

Muna shiga Riruwai, maimakon ya nufi unguwar su Yaya Saude sai ya bi wani lungu.

"Mu fara gaishe da Inna, ga gidan nan a kan hanya."

"Yanzu? A haka?" Hodata ta narke, leɓena ya bushe da yunwa, leshin ya yamutse da zama.

"A haka ɗin. Ai ba sarauniya ba ce, kakata ce."

Gidan ƙasa ne tsaf da shi, an share tsakar gida har ana ganin sawun tsintsiya. Ghali ya shige gaba yana rangaɗa sallama yana kiran, "Ina tsohuwar nan mai rowa?" Hamdiyya na biye da shi da ƙwaryar kindirmo a hannu, gindin zaninta jiƙe da laka, tana dariyar abin da ya faɗa. Ni na zo ƙarshe. Na cire takalmi, na durƙusa a bakin ƙofa, na ja mayafi na rufe fuska yadda aka koya mini, na yi gaisuwa da muryar da ni kaina da ƙyar na ji ta.

Ta cikin mayafi nake hango ɗakin: gadon ƙarfe mai rumfa, jeren kwalla a bango, ƙamshin turaren wuta da man shanu. Inna Juwairiyya na zaune a kan buzu, 'yar ƙaramar tsohuwa, carbi a hannu, idonta tar kamar na yarinya. Ta amsa gaisuwata da daɗi. Ta tsokani jikanta, ya rama. Hamdiyya ta durƙusa ta ajiye mata ƙwarya ta ce, "Inna, ga tsarabarmu, amma ni na shanye rabi a hanya." Tsohuwa ta yi dariya har da tari.

Ta kalli Ghali ta daɗe. Ta kalli Hamdiyya, ta kalle ni, ta sake komawa kan Ghali. Sannan ta sa hannu ta fara murza wani awarwaron azurfa da ke wuyan hannunta, da ƙyar ya fita.

"Wannan na uwarka ne," ta ce masa. "Ranar da ta rasu na cire shi daga hannunta, na ce ba mai sa shi sai matarka."

Na gyara durƙuso, na ɗan fito da hannuna mai lalle daga cikin mayafi.

Inna ta kamo hannun Hamdiyya ta zura mata.

Na jira Hamdiyya ta yi dariyar nan tata ta ce, "Inna, ba ni ba ce." Ba ta ce ba, ta zuba wa awarwaron ido. Na jira Ghali ya yi magana. Bakinsa a buɗe, amma ko tari bai yi ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ban shirya ba, ban yi tunani ba, Gwaggo da huɗubarta duk suka fice daga kaina. Na yaye mayafin, na tako har tsakiyar ɗakin.

"Inna, ni ce Rufaida. Ni ce wadda ya kawo ki gani."

Tsohuwa ta ɗago ta dube ni, ba faɗa ba mamaki. Ta kama gefen rigata ta shafa a hankali.

"Na sani, 'yar nan. Tun daga durƙusonki na gane ki, kuma an yi miki tarbiyya, Allah ya yi miki albarka. Amma yaron nan tun yana goye nake karanta idonsa. Tun da kuka shigo ɗakin nan, sau ɗaya bai waiwayi bakin ƙofa ba."

Na juya na kalli Ghali, ina jiran ya ce Inna ta yi kuskure. Har ladan ya kira la'asar bai ɗago kansa ba.